Koren Kicin ɗin Inna Kande

Ku da kuke ganin mai fenti ya tsoma burushi a bokiti ya shafa wa bango, kuna cewa ai wannan ko akuya aka ɗaura wa tsumma a bindi za ta yi, kallon kitse kuke yi wa rogo. Shekarata arba'in da ɗoriya ina wannan sana'a a Jos, har yau akwai bangon da nakan tsaya a gabansa in yi shiru kafin in buɗe gwangwani. Ku kuwa kwana uku kun riƙe rola, kun sayi baƙin tabarau, sai ku ce a riƙa kiranku injiniya.

A Bukuru na koyi aiki, wajen wani Oga Pam, mutumin da ya yi wa Turawan kuza fentin gidajensu tun yana saurayi. Shekara guda cur bai bar ni na taɓa launi ba. Wanke burushi da kananzir, gugar bango da samfefa har zanen yatsuna ya shafe, riƙe tsani, tace tsohon fenti da yankin gidan sauro, aikina ke nan. Ranar da ya fara barina na haɗa launi, sai ya sa na shafa faɗin tafin hannu a bango, ya ce mu tafi gida. Na ce, Oga, ai ba ka duba ba. Ya ce ɗanyen fenti maƙaryaci ne, ba a yi masa shaida sai ya bushe, kuma sai an gan shi sau uku, da safe da tsakar rana da la'asar. Jos kuma ga nata halin. Hadari ya taso daga bayan duwatsu, bangon da ka bari ruwan madara ka dawo ka tarar da shi ruwan toka, mai gida yana harararka kamar da gangan ka yi.

Kayan aikina har yau ba su fi cikin jaka ɗaya ba. Burushi uku, ƙarfen kankare bango, wuƙar cike tsaga, igiya, da kwalaben magani guda biyar da nake zuba launin haɗi: baƙi, ja, shuɗi, rawaya, ruwan ƙasa. Da tsinken tsintsiya nake ɗiga su cikin farin fenti, ɗigo ɗigo, don ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A cikin ɗakunan gida kuma babu mai wahalar da mai fenti kamar kicin. Falo, maigida ya nuna launi a takarda cikin minti biyar an gama. Kicin kuwa hayaƙi yana cinsa, tururi yana jiƙa shi, man ja yana fantsama masa, kuma mai shi tana tsaye a bayanka hannu a ƙugu, ta san kowane lungu nasa fiye da yadda ta san fuskar mijinta.

Shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata, aiki har ya yi mana yawa. Ita ce wadda ta biyo bayan rikicin farko, lokacin da wayar hannu ta fara shiga aljihun masu hali. Gari ya rabu. Musulmin da ke zaune a unguwar da Kiristoci suka fi yawa sai ya nemi Kiristan da ke zaune cikin Musulmi su yi musayar gida, ba ni gishiri in ba ka manda. A kwashe kaya a a-kori-kura rana ɗaya, wannan ya shiga na wancan, washegari a nemo mai fenti. Mu ne masu shafe sawun mutane: inda hoton biki ya bar alamarsa a bango, inda aka yi ta zana tsawon yaro da fensir shekara bayan shekara, inda ayar wani littafi take manne a saman ƙofa. Na ci abinci a shekarar nan, amma bai yi mini daɗi ba.

Cikin daminar wannan shekara wani tela mai suna Sabo ya same ni a bakin shagon da nake sayen fenti. Su mutanen unguwar Kabong ne tun zuwan kakansa haƙar kuza. Yanzu sun yi musaya da wata mata, sun koma gidanta a Unguwar Rogo, ita ta koma nasu. Ya ce kicin kawai yake so a yi masa. Na ce wace kala? Ya ce kalar tsohon kicin ɗinsu. Na ce to, wace kala ce? Sai ya murza hularsa, ya ce in zo in ga mahaifiyarsa tukuna.

Inna Kande tana kwance a kan katifa a ɗakin da ke kallon kicin. Ta haura tamanin, kuma tun kafin su tashi daga Kabong tunaninta ya fara zamewa. Da aka kawo ta sabon gida sai ta ɗauka baƙunci ta zo. Kun san mutanen da da kunya, ba sa sakin jiki su ci abinci a gidan mutane. A kawo mata tuwo ta ce, “Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake, ku gode wa matar gidan,” ta tura kwanon gefe. Ruwa kawai take sha, sai kunu cokali biyu ko uku in an yi ta roƙo. Wata biyu ana haka. Sau biyu ana kai ta asibiti ana yi mata ƙarin ruwa, likita ya ce bai ga wata cuta ba, in ba ta ci abinci ba babu abin da zai iya yi. A bayan hannunta na hagu akwai filastar da aka manna inda allura ta shiga, hannun kuwa ya koma kamar sillen kara.

“Sannu, Inna,” na ce.

Ta dube ni ta ce, “Kai ne direban? Ku mai da ni gida, na bar tukunya a wuta.”

Da muka fito tsakar gida Sabo ya rage murya. “Malam Garba, shekara hamsin ta yi tana girki a kicin ɗin can. Mu ba kullum take gane mu ba, amma shi na san za ta gane shi. In ka mayar mata da shi nan, ko Allah zai sa ta yarda gidanta ne, ta ci abinci.”

Na so in ce masa ni mai fenti ne, ba boka ba. Na dubi idonsa sai na fasa.

Kuskuren farko nawa ne, na yarda da baki. Sabo tela ne, ya ɗauka launi a yadi da launi a bango uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ya shiga shagonsa ya yi ta tonon ƙyallaye, ya fito mini da wani yanki kore mai haske, ya rantse haka kicin ɗin yake. Na haɗa da fentin ruwa don ya fi saurin bushewa, na shafe bango huɗu. Matarsa Rabi ta leƙo ta riƙe haɓa.

“Wannan ai ba shi ba ne. Namu ruwan ƙasa ne, kamar shayi ba madara.”

“Ke da kika zo jiya za ki gaya mini launin gidan da aka haife ni?” in ji Sabo.

“Jiyan nan shekara sha tara ce, kuma ni nake tsayawa a cikinsa, kai sai dai ka leƙo ka ce an gama?”

Miji da mata suka kusa raba gari a kan bango. Na sake shafawa da ruwan ƙasa don a gwada nata. A karo na uku na raba musu gardama, na haɗa rabi da rabi, abin ya fito kamar miyar kukar da ta kwana. Duk lokacin da ya bushe sai su ɗauko Inna su zaunar da ita a ciki. Ta dubi bangon, ta tattara ƙafafunta irin na baƙuwa, ta ce, “Gidanku da kyau, Allah ya sanya albarka.” A karo na ukun ko wuyanta ba ta iya riƙewa, sai da Rabi ta tallafe ta. Kwana shida suka tafi a banza.

Gani ya kori ji. Na ce wa Sabo zan je Kabong in ga bangon da idona. Ya ce shi tun ranar da suka fito bai sake taka unguwar ba, kuma ba zai ce in je ba, ba zai ce kada in je ba. Ya kwatanta mini gidan. Na tambaye shi wane lokaci Inna ta fi zama a kicin, ya ce da hantsi, don haka na shirya in isa a wannan lokacin in ga launin da hasken da ta saba ganinsa.

Na cire hula na cusa a jaka, na sa kayan aikina da suka sha fenti. Ɗan acaɓa ya kai ni wata mararraba ya tsaya, ya ce, “Baba, nan ne iyakata.” Na tsallaka titi a ƙafa na hau wani daga can ɓangaren. Hanyar da na shekara talatin ina bi ido rufe, ranar sai da na riƙa waige.

Matar da ta karɓi gidan ana ce mata Maman Dung. Doguwa ce, za ta yi hamsin, dankali take sayarwa a kasuwa. Mijinta ya fita a kwanakin rikici bai dawo ba. Hausarta irin ta kasuwar Jos ce, ba ta raba mace da namiji. Ta buɗe ƙofa kaɗan ta saurare ni har na gama, ta sa na buɗe jaka ta ga burushi da ƙarfe da kwalabe, sannan ta ce in shigo.

Ba ta taɓa kicin ɗin ba, yana nan yadda aka bar mata shi. Ina shiga na gane abin da ya haɗa Sabo da matarsa. Daga ƙasa zuwa ƙugun mutum kore ne, tsohon fentin mai irin na kamfanin kuza, wanda hannuna ya sha wankewa a gidan Oga Pam. Daga nan zuwa sama hayaƙin shekara hamsin ya hau kansa, yana ƙara duhu yana ƙara duhu, har ya kusa zama baƙi a saman murhu. Sabo a ƙasa ya girma, yana zaune yana jiran ƙanzo, shi ya sa ya ga kore. Rabi da girmanta ta shigo gidan, a tsaye take tuƙa tuwo, ita ta ga ruwan ƙasa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Taga tana gabas, rana ta shigo ta kwanta a kan koren. A gefen murhu ta hagu akwai wani wuri faɗin tafin hannu, ya yi duhu yana sheƙi, inda aka shekara hamsin ana dafawa a miƙe. A ƙarƙashinsa ga wata kujera 'yar tsugunno.

Na ce, “Sun manta kujera. In kai musu?”

“A'a, bar shi,” in ji Maman Dung. “Na tsohuwa ne. In ka ɗauka, ina zai zauna?”

“Wace tsohuwa?”

“Maman telan mana. Kullum yana zuwa da safe in yara sun tafi makaranta. Ba ya magana. Ya zauna a nan, ya duba murhu, ya dafa bango ya tashi ya tafi. Na ba shi gwate, na ba shi shayi, ba ya karɓa. Ka gaya wa ɗansa su riƙa ba shi abinci, ya rame da yawa. Kuma wannan filasta na hannunsa ya yi datti, su canza masa.”

Matar da ko bayan gida ba ta zuwa sai mutum biyu sun riƙe ta, ina ita ina tahowa daga Unguwar Rogo zuwa Kabong? Filastar kuwa ba ta fi kwana goma a hannunta ba, kuma jiya jiya na gan ta, gefenta ya yi baƙi ya fara ɗagowa.

“Mama, ta ina take shigowa?”

“Ban sani ba. Ni dai in na juya sai in gan shi. Da farko na ji tsoro, har na kira fasto ya yi addu'a. Daga baya na ce, ai gidansa ne, me zai yi mini?”

Ban sake tambaya ba, na durƙusa na kama aiki. Na yanki ɓawon fenti wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, kowanne na naɗe shi a takardarsa. Na ɗauko igiya na auna tsawon wurin dafawar nan daga ƙasa na yi ƙulli, na auna nisan murhu daga bango na yi ƙulli, na auna inda kore ya fara juyewa. Ina durƙushe, fuskata a bango, wuƙa a hannu, sai na ji Maman Dung ta matsa daga bakin ƙofa kamar mai ba wani hanya. Ta ce da muryarta ta kullum, “Sannu da zuwa, Mama. Yau muna da baƙo.”

Kujerar ta yi ƙara a gefena, irin ƙarar da katako yake yi in an zauna masa. Tsakanina da ita bai kai kamu biyu ba.

Ban juya ba. Na taɓa rataye a kan tsani a bene hawa uku iska tana kaɗa ni, ban ji tsoron da na ji a wannan hantsi ba. Na karanta abin da ya zo bakina, na ƙura wa bango ido, hannuna ya ci gaba da yanka shi kaɗai. Ina jin kajin maƙwabta, ina jin rediyon wani gida, rana tana dukan ƙeyata. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can kujerar ta sake yin ƙara, Maman Dung ta ce, “To, sai gobe.” Na tattara kayana, na yi mata alkawarin zan dawo in cike wuraren da na yanka.

Da na koma Unguwar Rogo na tarar da Rabi tana shanya. Na ce, “Inna ta fita yau?”

“Fita? Da wace ƙafar?” Ta yarfe zanen da ke hannunta. “Sai dai kullum da hantsi takan yi wani irin shiru, ido a buɗe, ka kira ta ba ta ji. Sai can ta ja dogon numfashi ta dawo.”

Ban gaya wa kowa abin da na ji a Kabong ba. Na ce wa Sabo kawai ya samo fentin mai, fari, galan biyu.

Fentin mai ba ya zama a kan fentin ruwa hawa uku, balle ga na masu gidan na da a ƙarƙashi. In ka shafa a haka, wata ɗaya zai fara ɓarewa. Dole na kankare komai har sai da na ga siminti. Kwana biyu ina yi, lungu lungu, na cire kantar kwanuka na kankare bayanta, na bi gefen ƙyaure da ƙasan taga, na share na kwashe na zuba a kwata, ruwan yamma ya zo ya tafi da shi. Sannan na zauna da ɓawon da na yanko. Na wanke rabin na ƙasa da kananzir don in ga asalin koren ba hayaƙi, na fara ɗiga shuɗi da rawaya cikin fari, da baƙi a kan bakin tsinke. Ga wata matsala kuma: tagar wannan kicin yamma take kallo, da hantsi hasken cikinsa a mace yake. In na haɗa daidai da na Kabong, a nan zai fito da duhu. Sai da na ƙara rawaya kaɗan kaɗan, ina shafawa ina jira ya sha iska, har ɓawon da na ɗora a kai ya ɓace wa ido a daidai wannan lokaci na safe.

Hayaƙin shekara hamsin kuwa ba a sayar da shi a gwangwani. Na haɗa ruwan ƙasa da baƙi da ɗigon ja cikin banish, man nan da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli, na tsinka shi da kananzir har ya zama kamar ruwan shayi, na riƙa shafawa da tsumma daga sama zuwa ƙasa, hawa kan hawa, mai kauri a saman murhu, yana raguwa har ya ƙare a ƙullin igiya. Daga ƙarshe na auna wurin dafawa, na naɗe tsumma a tafin hannuna na yi ta dannawa ina murzawa har ya yi duhu ya ɗauki sheƙi.

Sai jira. Fentin mai ba ya jin lallashi, balle a daminar Jos da bango yake kwana yana zufa. Sabo ya rufe shago, kowace awa sai ya zo ya taɓa da ɗan yatsa, ina kore shi. Inna kuwa ta daina karɓar ko kunun, sai a jiƙa mata leɓe da ruwa. Na sa aka jera kaskon gawayi uku a tsakiyar ɗakin don ya taimaka. Da ya bushe a kwana na uku, saura wari, don hancin tsohuwa ba zai yarda da warin sabon fenti ba ko da idonta ya yarda. Na sa Rabi ta kafa murhu a inda igiya ta nuna, ta hura itace, ta yini tana soya albasa da daddawa cikin man ja. Aka aro kujera 'yar tsugunno a maƙwabta aka ajiye a mazauninta.

Washegari da hantsi suka ɗauko ta. Ni na tsaya a waje, gefen ƙofa. Suka zaunar da ita, Rabi tana riƙe da kafaɗarta. Ta daɗe tana kallo har na fara tunanin launi na biyar. Idonta ya hau bango ya sauko, ya tsaya a murhu. Sai hannun nan mai filasta ya ɗago a hankali, ba tare da ta duba ba, ya je ya sauka daidai kan wurin da na murza.

“Rabi!”

Muryar ta fito da ƙarfin da ban san yana jikinta ba.

“Rana ta yi haka ba a ɗora ɗumame ba? Wane irin gida ne wannan?”

Rabi ta saki kafaɗar ta yi kan tukunya tana hawaye. Inna ta ci loma biyar, ina ƙirgawa daga inda nake tsaye, tana ci tana mitar gishiri ya yi kaɗan. Sabo ya zaga bayan gida, ina jin sa yana fyace hanci. Ni ma daɗi ya kama ni har na rasa inda zan sa hannuwana. Sai ta hango ni.

“Wancan baƙon an ba shi abinci?”

“Yanzu za a ba shi, Inna.”

Ta ƙura mini ido. “Ai na gane ka. Kai ne ka zo ranar nan kana yanka mini bango da wuƙa, ina zaune kusa da kai ko gaisuwa babu.”

Sabo da ya dawo ya yi dariya, ya ce kada in damu, ruɗun tsufa ne. Ni ban yi dariya ba. Na cire takalmi na shiga na tsuguna na gaishe ta yadda ya kamata, na ce ta yafe mini. Ta ce ba komai, in zauna in ci abinci. Kusan shekara biyu ta ƙara a duniya, kuma a wannan kicin take yini.

Bayan mako uku na koma Kabong da ragowar koren don in cika alkawari. Maman Dung ta buɗe mini ba tare da ta duba jaka ba.

“Tsohuwa ya daina zuwa,” ta ce.

“Tana cin abinci yanzu.”

“Mun gode Allah.”

Ta tsaya a bayana ina cike wuraren da na yanka. Na gama na farko, na gama na biyu. Ina kan na uku ta yi gyaran murya.

“Mai fenti, in tambaye ka. Me ka yi wa kicin nawa na can?”

Na ce na mayar da shi irin wannan, don tsohuwa.

“Shi ya sa,” ta ce. “Ni ma ina zuwa nawa. In na gama aiki na zauna na rufe ido, sai in gan ni a can kusa da taga. Baban Dung ne ya shafa shi da hannunsa shekaran da muka shiga gidan. Amma sati uku yanzu, in na je sai in tsaya a bakin ƙofa. Kicin na wani ne, ba wurin da zan zauna.” Ta dubi bangon da nake gyarawa. “Tunda ka iya, ka yi mini nawa a nan. Ai kai ka gan shi.”

Burushi ya tsaya a hannuna. Kwana nawa na yi a cikin kicin ɗinta na can? Na shafe launinta sau uku, na bi shi da ƙarfe na kankare, na kwashe da hannuna na zubar. Na rufe ido na nemi launin, ban same shi ba. Ni da nake gane fentin kamfanin kuza daga bakin ƙofa, ban iya cewa shuɗi ne ko ruwan hoda ba, don tun ranar farko ban dube shi ba. Na tambaye ta, ta ce kamar shuɗi ne amma ba shuɗi sosai ba, ɗanta Dung kuma yana cewa fari ne. Na riga na san iyakar abin da baki yake iya bayarwa. Kunya ta rufe ni, na ce mata zan je in duba.

Daga nan Unguwar Rogo na nufa. Na tarar da Inna a kan kujerarta tana tsince wake, ta amsa gaisuwata da fara'a. Na roƙi Rabi ta kwashe mini kwanuka, na sake cire kanta na duba bayanta. Na duba gefen ƙyaure, na kwanta na leƙa ƙasan taga, na hau tsani na bi kusurwoyin sama inda malalacin mai fenti yakan bar saura. Na fita na tona bakin kwata da tsinke. Na tambayi Sabo da Rabi wane launi suka tarar ranar da suka shigo, suka dubi juna suka ce wallahi ba su lura ba. Aikin ya yi kyau, ban bar ko girman farce ba.

Washegari na sake hawa acaɓa biyu na je na gaya mata a bakin ƙofa.

“Ko kaɗan?” ta ce.

“Ko kaɗan, Mama.”

Ta daɗe tana kallon jakata. Sannan ta ce in gaishe da tsohuwa, ta tura ƙofar a hankali ta rufe.